An Ɗaure wa Kafinta Hannu

Alhamis, bayan la'asar

Ɗazu aka fito da maigidana daga ɗakin tiyata. Likita ta ce aikin ya yi, sun yanke inda hanjin ya toshe sun haɗa sauran, amma saboda shekarunsa za su ajiye shi a ɗakin kulawa ta musamman, inji ya taya shi numfashi zuwa gobe ko jibi. Auta ce ta sayo mini wannan littafin a shagon bakin asibiti, wai tunda na ƙi cin abinci na ƙi magana, in riƙa rubutu ko zuciyata ta sami inda za ta sauke kaya. Na ƙare ƙuruciyata ina sa 'ya'yan mutane rubutu a aji, yau ga 'yata ta ba ni aikin gida.

Kafin a tura shi ciki sai da ya yi halin nasa. Ya ce wa Likita ta ɗinke da kyau, shi kafinta ne, yana gane aikin gaggawa ko an rufe shi da fenti. Ta yi dariya. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malama, kada ki bar kowa ya taɓa mini kayan aiki." Mutumin da ya haura tamanin, wanda rabonsa da riƙe zarto har na manta.

Juma'a, da hantsi

An bar ni na shiga. Sai ka wanke hannu, ka sa wata riga a kan kayanka, ka rufe hanci da baki, kuma mutum biyu kawai ake bari a lokaci ɗaya. Ɗakin da sanyi, ba taga sai guda ɗaya can sama. An zura masa roba ta baki an manne ta da filasta, wata ta hanci, wasu a wuya da hannu. Injin yana gefen kansa yana hura masa iska, ƙirjinsa na tashi yana sauka daidai da daidai, ba irin numfashinsa da na sani ba. Shi da yake jan minshari kamar ana jan tebur a kan siminti.

Ya buɗe ido ya gane ni. Ya matse mini yatsa.

Asabar, da yamma

Sun gwada rage injin su ga ko zai iya da kansa, bai iya ba, sun mayar. Zazzaɓi ya shigo. Babba, ɗanmu na fari, ya ce kada in damu, haka ake yi. Tun ranar farko shi ne ke magana da likitoci, ni sai dai a kawo mini labari a benci, an riga an tace shi.

Lahadi, da rana

Ba canji.

Litinin, bayan azahar

Na shiga na tarar an ɗaure masa hannuwa a jikin ƙarfen gado da wani farin ƙyalle mai laushi. Nas ɗin ta ce yana ta kai hannu zai fizge robar bakinsa, in ya fizge kuwa ba a san abin da zai faru ba. Ta faɗa mini cikin ladabi, har da ba ni haƙuri. Na ce na gane.

Hannun ya kumbura, yatsun sun yi suntuma-suntuma, tabon da kurfin sassaƙa ya yi masa a babban yatsa tun muna amare ya miƙe ya yi sheƙi. Na riƙe, bai matse ba.

Akwai wata magana da na sani. Ba yau zan rubuta ta ba.

Laraba, da hantsi

Likita ta kira Babba ofis, Auta ta bi shi, ni aka ce in zauna in huta. Da suka fito Babba ya wuce yana waya, Auta ta zauna kusa da ni ta faɗa mini. Inda aka haɗa ya ɓalle, ƙazanta ta zuba a cikin ciki, ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Sai an sake buɗewa an wanke. Likita ta ce ba ta da tabbacin jikinsa zai ɗauka, ta tambaye su ko su ci gaba. Babba ya ce a yi duk abin da za a iya yi.

Na tambayi Auta ita me ta ce. Ta ce Yaya bai bar wurin magana ba.

Alhamis, da yamma

An sake aikin. Ya fito da rai. Babba ya rungume ni a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun da ya girma.

Asabar, da safe

Tun da aka kwantar da shi a gidan Auta nake kwana. Yau na ce a kai ni gida in ɗebo kaya. Na buɗe ƙofa, gidan yana warin daɗewa a rufe. Kofinsa na nan a kan tebur da busasshen ganyen shayi a ƙasa, tabaraunsa a kan rediyo, takalminsa ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a ƙarƙashin kujera, yadda ya fita ranar da ciwon ya murɗe shi. Ban taɓa komai ba. Na kwashi zannuwa biyu da maganin hawan jinina na fito kamar wadda aka koro. Mijin Auta ya ce har na gama? Na ce na gama.

Litinin, da rana

Ba canji. Ba ya buɗe ido. Sun ce maganin barci ne.

Talata, bayan la'asar

Yau Likita ta ce har da ni take so. Muka shiga wani ƙaramin ɗaki mai kujeru huɗu da kwalin takardar share hawaye a kan tebur, ina ganin kwalin na san irin maganar da ake yi a ɗakin.

Ta yi bayani a hankali. Ƙoda ta tsaya, fitsari ba ya zuwa. Huhu bai farfaɗo ba. Ana riƙe bugun jininsa da magani ne. Abin da ya rage shi ne a fara wankin ƙoda, a huda maƙogwaro a mayar da robar can, in kuma zuciya ta tsaya a danna ƙirji a tayar da ita, kuma a irin shekarunsa haƙarƙari kan karye. Ta ce za su iya yin duka. Ta ce amma tana so mu sani, a ganinta da na sauran likitocin, da wuya ƙwarai ya sake barin wannan gadon, ko ya sake numfashi da kansa. Akwai wata hanya kuma, a daina ƙara masa abubuwa, a tsare shi daga jin ciwo, a bar jiki ya yi abin da zai yi.

Babba ya fara magana, ta ɗaga masa hannu cikin ladabi ta juyo wurina.

"Mama, ba abin da ku kuke so nake tambaya ba. Shi da zai iya magana yanzu, me kike ganin zai ce mana?"

Na kalli kwalin nan. Na ce yaran su yanke, su ne masu ilimin zamani.

Babba ya ce a yi wankin.

Laraba, da yamma

An kawo wani injin kuma, an jona shi ta wuya. Jininsa na fita ta wata roba yana komawa ta wata. Na tsaya ina kallon jinin mijina yana yawo a waje.

Gadon da ke kusa da shi babu kowa yau. Matar da muke gaisawa a benci, wadda ke jinyar yayarta, ban gan ta ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, da rana

Ba canji. Ban ce komai ba.

Juma'a, da hantsi

Bari in rubuta, tunda littafi ba ya kai ƙara.

Shekarun baya amininsa mai walda ya faɗi, aka kwantar da shi a irin wannan ɗakin, ya daɗe a kan inji kafin Allah ya karɓi abinsa. Kafinta yana zuwa dubiya kusan kullum. Wata rana ya dawo bai ci abinci ba, ya zauna a bakin gado yana cire hula yana mayarwa. Ya ce abin da ya gani yau ba jinya ba ce. Sannan ya kira ni, ba da wasa ba, ba da muryar da yake tsokanata ba.

"Malama, in tawa ta zo a haka, kada ki bari a riƙe ni da roba. Yaran ba za su iya ba. Ke nake gaya wa."

Na ce ya daina mugun baki. Ya ce in amsa masa. Na amsa.

Ya sake faɗa lokacin da aka fara maganar wannan aikin, a mota, yana riƙe da ciki, Auta ta fita karɓo kati. Ya ce in tuna. Na ce na tuna.

Asabar, bayan azahar

Na karanta abin da na rubuta jiya na rufe littafin.

Da safe nakan tashi in yi wanka in ɗaura zane, a kawo ni. Mai gadi ya san ni, nas-nas suna ce mini matar Baba na gadon ƙarshe. Ina shiga in zauna in ba shi labarin jikoki, in shafa masa mai a ƙafa. Ƙafar da ɗumi. Abin da na kasa gaya wa kowa ke nan, ƙafar da ɗumi, kuma in dai da ɗumi ina da wurin zuwa.

Ba don Babba na yi shiru ba.

Lahadi, da yamma

Yaran sun yi faɗa a wurin ajiye motoci, suna tsammanin ina ciki. Ina tsaye a bayan wata mota ina jiran jiri ya sake ni. Auta tana cewa ita ta ga bayansa lokacin da ake juya shi, shi Yaya bai gani ba, yana shigowa ne ya tsaya daga ƙafar gado ya karanta lambobin inji ya fita. Babba ya ce in ta gaji da jinya ta faɗa, a nemo mai taya ta. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da wannan maganar. Ya ce shi dai ba zai sa hannu a kashe ubansa ba, wanda ya ba da rai shi zai karɓa. Ta ce to ai shi take cewa a bari ya karɓa.

Yaran da ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba tun suna rigimar wurin zama a bayan keken ubansu.

Na zagaya ta ɗaya ƙofar na koma benci.

Talata, da hantsi

Yau ban fita ba da aka zo juya shi. Nas ta ce Mama ko za ki ɗan ba mu wuri, na ce a'a, na fi ku sanin jikin nan.

Ban san shi ba. Ba zan rubuta abin da na gani a bayansa ba.

Sun rage maganin barcin don su ga ko zai amsa. Ya buɗe ido, bai tsaya a kaina ba, yana ta yawo a silin. Fuskarsa ta yamutse, hawaye ya gangaro ta gefen kunne. Sai na ga hannun dama yana ja, yana ja, ƙyallen ya miƙe, ƙarfen gado yana ɗan motsi. Ba ƙarfi a jikinsa ko kaɗan amma bai daina ja ba har aka mayar da maganin.

Nas ta ce ba lallai ne ya san abin da yake yi ba. Wataƙila haka ne.

Laraba, bayan azahar

Na tare Likita a baranda, na ce ina son magana da ita ni kaɗai. Ta kai ni ɗakin nan mai kwali. Na gaya mata maganar da ya bar mini. Ba ta ce don me ban faɗa tun farko ba, na gode mata da wannan.

Na tambaye ta, in aka daina, mu ne muka kashe shi? Ta ce ba za ta ba shi wani abu da zai gaggauta masa ba, wannan ba ta yi kuma ba za ta taɓa yi ba. Ciwon da ke cikinsa ne zai tafi da shi, su dai sun tsaya a gabansa ne, kuma kullum tsayuwar tana ƙara cin jikinsa. Na ce ko tana da tabbas ba zai tashi ba. Ta ce:

"Tabbas ba nawa ba ne, Mama. Amma na daɗe a ɗakin nan, ban taɓa ganin mai shekarunsa ya dawo daga inda yake yanzu ba. Da mahaifina ne, da na kwance masa hannu."

Ta ce amma ba za ta yi komai a bayan 'ya'yansa ba, sai na yi magana da su.

Alhamis, da yamma

Na sa Babba ya kai ni gidan Auta da kansa. Da muka isa ƙofa na ce kada ya kashe mota tukuna, ko ya kashe, duk ɗaya. Na gaya masa. Na gaya masa har da ranar da wurin da kalmomin.

Ya riƙe sitiyari bai dube ni ba. Ya ce me ya sa Baba bai gaya masa ba, shi ne babba. Na ce ya ce ba za ku iya ba. Ban san zafin maganar ba sai da ta fita, na ga ta same shi a fuska.

Ya ce mutum yakan faɗi irin wannan da lafiyarsa, in ta zo kuma ya so rai. Na ce haka ne. Ya ce akwai waɗanda likitoci suka fid da rai da su suka tashi suka taka. Na ce akwai.

"To me ya sa sai yanzu, Mama? Ranar da Likita ta tambaye ki kina zaune."

"Ban shirya zama ni kaɗai ba."

"Yanzu kin shirya?"

"A'a."

Ya sa goshi a kan sitiyari. Na kai hannu zan taɓa bayansa, ya ce in shiga gida, sanyi na sauka.

Juma'a, da rana

Babba bai zo asibiti ba. Wayarsa a kashe.

Asabar, bayan la'asar

Ya zo da ƙanin ubansu da wani likita abokin karatunsa. Abokin ya shiga ya duba, ya yi magana da Likita, ya fito ya ja Babba gefe. Ban ji me ya ce ba, na ga dai yana dafa masa kafaɗa. Baffan yaran ya ce shi ya tambayi masana, sun ce barin maganin da ba ya warkarwa ba kisa ba ne, amma shi ba zai ce a yi ko a bari ba, ga matarsa ga 'ya'yansa. Kowa yana miƙa wa wani.

Muka koma ɗakin nan mai kwali. Likita ta sake jero abubuwan. Ba za a sake wankin ƙoda ba, ba za a huda maƙogwaro ba, ba za a ƙara maganin riƙe jini ba, in zuciya ta tsaya ba za a danna ba. Injin numfashi zai zauna yadda yake, maganin ciwo kuma ba za a rage ba. Ta dubi kowa. Auta ta ce ta yarda, tana kuka. Na ce na yarda. Muryata ta fito kamar ina kiran sunaye a aji.

Babba ya ce, "Uwata ta yi magana, ba zan ja da ita ba. Amma a sani ba da bakina ba."

Likita ta ce ta ji.

Lahadi, da safe

An kwance masa hannu. Ƙyallen ya bar shaida a wuyan hannun, na shafa mai. Sun fitar da injin wankin, ɗakin ya yi fili. Sun ce yanzu ba ruwansu da mutum biyu, duk mai son shiga ya shiga, an kawo mini kujera mai jingina.

Na ɗora hannunsa a kan cinyata. Bai ja ba, bai kai shi baki ba. Na yi ta jira in ga ko zai kai, don in san na yi daidai. Bai motsa ba.

Jikoki sun zo. Ƙaramar ta tambaya ko Kaka yana jin ta, uwarta ta ce yana ji, sai ta ba shi labarin haƙorinta da ya fita.

Litinin, da yamma

Yana nan. Babba ya wuni a ciki, a ɗaya gefen gadon, yana karanta masa addu'a a kunne. Can ya miƙo mini ruwa.

Na kama kaina ina kallon jakar fitsari ko wani abu zai sauko. Ban san me zan yi ba in ya sauko.

Talata

Da hantsi ne ya cika. Ina riƙe da shi. Injin ya ci gaba da hura ƙirjin bayan nan, sai da Likita ta zo ta kashe.

Alhamis, da rana

Mutane. Kowa na cewa ya huta.

Lahadi, da rana

Mutane sun ragu. Auta ta ce in koma wurinta, na ce a'a.

Laraba, da safe

Na dafa shayi ya yi yawa.

Asabar, bayan la'asar

Babba ya zo, karo na farko shi kaɗai tun da aka watse. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi jikina, ya tambayi ko ina shan magani, ko famfon bayan gida ya daina zuba. Ya zauna a bakin kujera bai jingina ba, makullin mota a hannunsa. Ya rame. Furfura ta fito masa a gemu, ban lura da ita ba sai yau. Na kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi.

Har ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya.

"Mama, da ba ki yi magana ba, da yanzu yana nan?"

"Da wataƙila yana nan."

Ya jira in ƙara wani abu. Ina da abin ƙarawa, na san shi ma ya san abin da zan ce, ya gani da idonsa a ƙarshe. Amma abin da ya tambaya ke nan, kuma amsarsa ke nan. Ya ce sai da safe, alhali rana ba ta faɗi ba.

Na ji ya rufe ƙofar mota. Ya daɗe a ciki kafin ya tayar da ita.